Zoben Uzairu

Ni mai walda ne a bayan kasuwar Madani,
ban taɓa jefa ƙwallo ta faɗa kwando ba.
Amma zoben filin unguwarmu
sau goma sha ɗaya na liƙa shi,
bakwai a ciki Uzairu ne ya karya.

Yana ɗan sha shida ya fara.
Ya shigo rumfata a sunkuye, ƙarfen a kafaɗa,
ya ce, "Usta, da kansa ya faɗo."
Na dubi tafin hannunsa, tsatsa har wuyan hannu.
Ba shi da ko girshi.
Kwana uku yana riƙe mini ƙarfe, ido na hawaye,
muka rabu babu bashi.

Kakansa da ƙafa ya taso daga Haɗeja za shi Makka,
guzuri ya ƙare a gonakin auduga,
ya ce bari ya huta damina ɗaya.
Jikan ya gaji ƙafar, bai gaji hutun ba.

Hartum ta kira shi, ya tafi da takalmin aro.
Riga mai lamba tara.
Mukan taru a rediyon mai shayi,
mai sharhi na ihu har batir ya shaƙe,
mu kwana ba mu san wa ya ci ba.
Daga nan Alƙahira, shekara huɗu.
Muka sa masa Giginya, na nesa ka sha inuwarka,
don mu hoto kawai ya iso mana,
a jaridar da aka ƙunso mana gyaɗa.

Saura daƙiƙa arba'in, in ji waɗanda suka gani,
maki biyu tsakani.
Ya tashi sama kamar kullum,
bai sauko kamar kullum ba.
Ƙarfe in ya tsage, ina da wutarsa.
Gwiwa ba ta jin walda.

Ya dawo. Shekara biyu bai bi ta filin ba,
yakan zaga ta bayan masallaci ko da ta fi nisa.
Da yamma sai bakin Nilu,
yana kallon masunta, ba ya sayen kifi.
Awaki suka mai da filin makwanci,
raga ta zama igiyar shanya.

Ran wata Talata, ina cikin tartsatsi,
inuwa ta rufe mini aiki.
"Usta, ka sauke zoben nan kamu biyu."
Na ce, "Wa ya taɓa sauke zobe?"
Ya nuna bayansa:
yara tara, ba mai takalmi, babbansu bai kai ƙugunsa ba.
Ranar na ga giginya ta sunkuya.

Usur a wuya, amma bai cika busawa ba.
Dokarsa: ƙwallo ta taɓa hannu biyar kafin ta ga kwando,
kuma wanda bai je makaranta ba ya zauna ya tsare ruwa.
"Mai ci shi kaɗai," yakan ce, "shi kaɗai yake rama."
Safiyar Asabar ta 'yan mata ce,
ya sha surutu a kai, ya toshe kunne.

Sau ɗaya ya kai su wasan ƙarshe.
Maki ɗaya aka fi su.
Bai ce alƙali ba, bai ce ƙaddara ba,
ya saya musu ful da burodi a tasha,
ya tambayi Nu'umanu me ya sa bai duba hagunsa ba.
Kofi dai har yau babu.
Akwai malamin asibiti, akwai direban jirgin ƙasa,
akwai biyu a Hartum masu riga da lamba.

Bana na mayar da zoben inda yake tun asali.

Jiya da la'asar wata doguwar yarinya, Rumaisa,
ta shigo a sunkuye, ƙarfen a kafaɗa.
"Usta, da kansa ya faɗo."
Uzairu na bakin ƙofa, furfura, sanda,
yana kallon sama wai bai ji ba.
Ban dubi hannunta ba.
Na ce ta riƙe nan, ta kau da ido.